Tafkin Chadi, Gonaki da Ambaliya Daga Sama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Da wuya a yi taro kan kwararowar hamada ko ƙafewar Tafkin Chadi ba a haska hotuna biyu a bango ba, ɗaya na da, ɗaya na yanzu, a ce ga abin da tauraron ɗan'adam ya nuna. Daga nan sai kowa ya yi tsit, an kawo shaidar da ba a ja da ita. Hotunan kam shaida ce mai ƙarfi, amma ita ma tana son a yi mata tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Wai su wa ke ɗaukar hotunan nan, kuma tun yaushe?

Tsarin da ya fi daɗewa yana wannan aiki shi ne Landsat na Amurka. An harba na farko a watan Yuli na 1972, wato daidai lokacin da babban fari ke cin yankin Sahel, kuma tun daga ranar jerin bai yanke ba. Yanzu Landsat 8 da Landsat 9 ne ke aiki, suna kewaya duniya a tazarar kilomita 705 daga ƙasa. Kowannensu yana komawa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16, su biyun a haɗe kuwa duk bayan kwana 8. Tarayyar Turai tana da nata a ƙarƙashin shirin Copernicus. Wanda masu aikin gona da daji suka fi dogaro da shi a ciki shi ne Sentinel-2, da ya soma aiki a 2015, yana kuma sake ɗaukar wuri duk bayan kwana biyar.

Akwai hotunan da suka girmi waɗannan. A shekarun 1960 Amurka ta yi ta ɗaukar hoton duniya a asirce da taurarin leƙen asiri, sai a 1995 ta saki hotunan ga jama'a. Abin da aka ɗauka domin yaƙin cacar baka shi ne yau masu binciken muhalli ke dubawa su ga yadda fadamu da dazuzzuka suke kafin fari.

Babban sauyi ya zo ne a 2008, da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta daina sayar da hotunan Landsat, ta buɗe rumbun kyauta. Kafin nan hoto ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli, wani zamanin ma dubbai, malamin jami'a a Sakkwato ko Damagaram sai dai ya gani a littafi.

Tauraron yana ganin gidana? Yana ganina?

Waɗannan na kyauta ba sa ganin mutum. Hoton Landsat ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. Fulotin nan na hamsin da hamsin, sai an jera kusan guda huɗu kafin su cika ɗigo ɗaya. Sentinel-2 ya fi shi kaifi, ɗigonsa mita 10 ne, don haka hekta ɗaya takan fito da ɗigo ɗari. Za a ga gona, a ga kududdufi, a ga hanyar mota, amma ba za a ga mai gonar ba.

Hotunan da kake gani a Google Earth har kana gane rufin ɗakinka da bishiyar darbejiyar ƙofar gida, na kamfanonin kasuwanci ne, ɗigonsu bai kai rabin mita ba. Su ma ba kai tsaye suke nuna abin da ke faruwa ba. Hoton na iya zama na bara ko na shekaru uku baya, kwanan watan yana nan a ƙasan allon kwamfuta ga mai dubawa.

Ta yaya ake gane shuka ta yi kyau ko ta lalace daga can sama?

Na'urar ba launin da idonmu ke gani kaɗai take aunawa ba. Ganye mai rai yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, sannan yana mayar da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Ganyen da ƙishirwa ta kama yakan rage yin duka biyun. Idan aka gwada yawan hasken biyu, sai a samu adadi ɗaya da masana ke kira NDVI, ma'aunin koren ƙasa. Ana fitar da shi duk kwana goma, a kwatanta da matsakaicin shekarun baya. Yankin da a tsakiyar Agusta bai kai koren da ya saba ba, to akwai magana.

Da irin wannan ma'auni cibiyar AGRHYMET da ke Yamai take aiki. An kafa ta a 1974 ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, bayan farin da ya hallaka mutane da dabbobi, domin kada yunwa ta sake yi wa yankin ba-zata. Da shi ne kuma ake ƙiyasta yawan ciyawar da makiyaya za su samu a arewacin Tawa da Agadas, ake kuma leƙen inda ruwa ya sauka a cikin hamada har tsiro ya fito, domin a nan farin dango ke yin ƙwai.

Da gaske ne Tafkin Chadi ya rasa kashi 90 cikin ɗari na ruwansa?

Adadin ba ƙarya ba ne, amma yadda ake faɗinsa ya bar rabin labarin a baya.

Ga abin da ya tabbata. Wajen 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin farkon shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, da tudu a tsakani. Farin 1984 ya ƙara dukansa, har buɗaɗɗen ruwan da ake gani daga sama ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Garuruwan da ke bakin ruwa, irin su Baga a Borno da N'Guigmi a jihar Difa, suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Babban aikin noman ranin da aka gina a yankin Marte bisa lissafin cikar tafkin ya tsaya cak, magudanai ba ruwa. Wannan duk ya faru.

Abin da ba a cika faɗi ba uku ne. Na farko, shekarun 1950 da farkon 1960 shekaru ne na ruwan sama mai yawa fiye da ƙa'ida, saboda haka an fara awon ne daga lokacin da tafkin ya fi cika. Turawan Faransa da suka auna shi wajen 1908 sun tarar da arewacinsa a bushe. Tafki ne marar zurfi, mafi yawansa 'yan mitoci ne, kuma kusan kashi tara cikin goma na ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa. Ruwan sama ya ragu a kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya, gaɓa ta ja baya da kilomitoci masu yawa. Ya ƙaru, ta dawo.

Na biyu, hoton da ke amfani da haske buɗaɗɗen ruwa kawai yake gani. Inda ciyawar ruwa ta rufe, sai ya nuna kore kamar tudu, alhali masunta na tuƙa kwalekwale a ƙarƙashin wannan koren. Da aka haɗa da na'urorin da ke auna tsayin ruwa da zafin ƙasa, sai aka ga ruwan ya fi yadda ake zato yawa nesa ba kusa ba.

Na uku, binciken 'yan shekarun nan ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Kwarin kudu ya tsaya da ƙafarsa, na arewa yana cika yana janyewa gwargwadon damina, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta kori mutane a yankin, ba ƙishirwa ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tafki dai ya ragu. Akwai abu a ciki, domin magani yana bin ganewar ciwo. Wanda ya yarda tafkin na mutuwa ne zai sa ransa ga janyo ruwa daga kogin Kwango, shirin da aka tattauna a taron Abuja na 2018, mai cin biliyoyin daloli. Wanda ya ga cewa matsalar ita ce rashin tabbas, bana ruwa ya cinye gona, baɗi ya gudu ya bar koma a tudu, zai fi damuwa da hasashen cikar tafki da kai labari ga manomi kafin ya shuka masara da wake a ƙasar da ruwa ya janye. A ganina na biyun ya fi kusa da abin da hotunan ke nunawa. Hoton 1963 da na 1987 a jere sun fi saurin jan tausayi da kuɗin masu ba da agaji, shi ya sa suka ƙi tsufa.

Ana cewa hamada na cin mita 600 duk shekara a arewacin Najeriya. Hotuna sun tabbatar?

Ba a wannan siga ba. Tun farkon shekarun 1990 nazarin hotunan sama ya nuna cewa bakin Sahara ba tafiya ɗaya yake yi zuwa kudu ba. Shekarar fari yana gangarowa, shekarar ruwa yana komawa, wani lokaci da fiye da kilomita ɗari. Daga tsakiyar shekarun 1980 ma yawancin Sahel ƙara kore ya yi, saboda ruwan sama ya ɗan farfaɗo.

Kada a ɗauka ba matsala. Tuddan rairayi suna binne gonaki da kwarurrukan dabino a Yusufari da ke Yobe, da yankin Gure da Maine Soroa a Nijar, wannan ana ganinsa ƙarara. Sai dai lalacewar ƙasa tsibi-tsibi take fitowa: kewayen birane inda ake saran itace da gawayi, gonar da aka daina hutar da ita, bakin rijiyar da dabbobi suka tattake. Wani wurin a tsakiyar jihar Neja ko Nasarawa ya fi wani a Katsina asarar itatuwa. Wannan fahimta na cikin abin da ya sa shirin Babbar Koriyar Ganuwa, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya sauka daga tunanin jera itatuwa layi ɗaya daga Senegal zuwa Jibuti, ya koma gyaran ƙasa wuri-wuri.

Akwai inda hotunan suka nuna abin farin ciki?

Akwai, kuma a tsakiyar ƙasar Hausa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke duk wani tsiro a lokacin sharar gona. Sai mutum ya zaɓi toho ɗaya ko biyu daga kututturen da ke raye a ƙasa, ya sassabe sauran, ya bar waɗannan su girma. A can ana ce masa sassaben zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa dabarar a Maraɗi tun 1983, a Damagaram kuwa manoma da kansu suka riƙa barin gawo a gonakinsu.

An shekara kusan ashirin ana yi, duniya ba ta sani ba. Sai a shekarun 2000 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan suka jera hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotuna masu kaifi, suka bi da ƙafa ƙauye-ƙauye. Ƙiyasin da suka fitar: hekta kusan miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu ba wanda ya dasa.

Me ya sa aka daɗe ba a gani ba? Bishiya ɗaya a tsakiyar gonar gero ta yi wa ɗigon mita 30 ƙanƙanta, taswirar dazuzzuka kuma ba ta lissafa ta a matsayin daji. Gawo ma yana da nasa hali: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Wanda ya duba hoton Agusta ba zai gan shi ba. Sai a hoton Fabrairu ko Maris, ƙasa ta yi fari fat, yake fitowa ɗigo-ɗigo. A 2020 wasu masu bincike suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel, suka samu fiye da biliyan 1.8 a yankin da taswirori da yawa ke nunawa kamar fili fetal.

Da damina gajimare kan rufe sama. Yaya ake ganin ambaliya?

Nan ne rada ke shigowa. Tauraron Sentinel-1 ba ya jiran hasken rana, shi ke aiko da nasa sigina ya saurari dawowarsa, kuma siginar na ratsa gajimare dare da rana. Ruwa kwantacce yakan watsar da shi gefe, sai wurin ya fito baƙi ƙirin. A haɗa hoton kafin ambaliya da na bayanta, an samu taswirar inda ruwa ya kwanta. Da haka aka zana ambaliyar 2022 a kwarin Neja da Binuwai, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, da ta Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. A cikin gari dai aikin ya fi wuya, gine-gine na rikita siginar.

A lura, wannan taswirar bayan aukuwa ce. Tana taimakon masu kai agaji su san wace hanya ta yanke, wane ƙauye ya zama tsibiri. Ba ta ganin tsagewar da ke jikin madatsa. Wannan sai injiniya ya je ya duba, a kuma saki kuɗin gyara.

Fadamar Haɗeja da Nguru fa?

Tana cikin wuraren da tarihin hotuna ya fi amfani. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, kuma jerin hotuna ya nuna yadda malalar ruwan damina da shinkafa da kifi da dabbobi suka dogara da ita ta ragu, ta kuma sauya hanya. Ruwan da a da yakan zo da damina sannan ya janye, yanzu yana kwance shekara cur a wasu rassan, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Ga darasi a nan: a ma'aunin kore, kacalla lafiyayyen tsiro ce, ta ma fi gonar shinkafa kyau. Sai wanda ya san wurin ne zai ce maka wannan koren shi ne bala'in.

Hazon hunturu ma ana bin sawunsa?

Ƙwarai. Yawancin ƙurar da ke hana jirgi sauka a Kano daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon gindin tafkin ya bushe tun da daɗewa. Taurarin hasashen yanayi da ke tsaye a tazarar kilomita 36,000 suna ganin tasowarta kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso. Wani kason yakan haye tekun Atlantika har dajin Amazon.

Najeriya na da nata tauraron?

An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wani kamfani a Ingila ne ya ƙera shi, har ya ba da hotuna lokacin guguwar Katrina a Amurka a 2005. A 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a can Ingila. Dukansu sun wuce wa'adin da aka ƙera su a kai. Akwai kuma cibiyar nazarin hotunan sama ta ƙasa a Jos. Amma gaskiyar magana, ɗalibi ko ma'aikacin gandun daji da ke aikin taswira yau, kusan kullum Landsat da Sentinel yake saukewa.

Mene ne bambancin hoto da taswirar dijital?

Hoto ɗanyen abu ne. Taswirar dijital ita ce a ɗora bayanai hawa-hawa a kan wuri ɗaya: hoton a ƙasa, sai iyakar gandun daji a kai, sai burtali, sai rijiyoyi, sai ƙauyuka da yawan mutanensu. A nan tambaya ke samun amsa. Hoto zai nuna an yi noma a wani fili. Sai an ɗora tsohuwar taswirar burtali a kai za a san cewa hanyar shanu ce aka nome. Haka idan aka jera hotunan Kano na shekaru arba'in, aka ɗora unguwannin da ruwa ke shiga duk damina, ba sai an yi dogon bayani kan kududdufan da aka cike aka yi gini a kai ba.

Ni da ba masani ba, zan iya taɓa wani abu?

Sosai ma. Google Earth na kwamfuta yana da maɓallin da ke mayar da kai hotunan shekarun baya, fara da garinku. Shafin Copernicus na ba da hotunan Sentinel kyauta bayan rajista. Global Forest Watch na nuna inda aka yi asarar daji shekara-shekara, ko da yake an fi gina shi domin daji mai duhu, bai cika kama itatuwan gona ba. QGIS manhaja ce ta haɗa taswira, ba a biyan ko sisi. OpenStreetMap kuwa kowa na iya shiga ya sa sunan ƙauyensu da hanyarsa, kuma ƙauyukanmu da yawa har yau ba su ciki. Abin da zai fi ba ka wahala data ce da wutar lantarki, domin hoto ɗaya cikakke kan kusa gigabait guda.

Me hoton ba zai iya faɗa ba?

Dalili. Zai nuna gonakin wani yanki a Zamfara sun koma ciyawa, ba zai ce tsoro ne ya hana noma ba, a ma'auni ma wurin ƙara kore ya yi. Ba ya bambanta kuka da ɗorawa da shuke-shuken da ba su da amfani sai da ƙyar. Ba ya sanin mai fili. Na ƙarshen nan ya fi ba ni tsoro: makiyayar da ake shiga wata uku a shekara, ko gonar da aka hutar, a hoto fili ne ba kowa, kuma a ofis mai sanyi abu ne mai sauƙi a zagaye shi da jan layi a ba wani kamfani. Shi ya sa duk aikin kirki ke haɗawa da zuwa wurin da ƙafa, a ɗauki lambar GPS, a zauna da mai unguwa da arɗo da sarkin ruwa, a ji abin da suka sani.

An turo mini hotuna biyu a WhatsApp, na da da na yanzu. Yaya zan san ba a yaudare ni ba?

Nemi kwanan watan kowanne, ba shekara kaɗai ba. Hoton Satumba da na Afrilu na shekara guda ma za su nuna kamar hamada ta cinye gari. Duba ko wuri ɗaya ne kuma girman ɗaya, ta hanyar neman dutse ko mahaɗar titi a cikin duka biyun. Tambayi ko launin na gaskiya ne, domin masana kan sauya launi da gangan, ciyayi su fito ja, ruwa ya fito baƙi, wanda bai sani ba sai ya ce gobara ce. Sannan ka tambayi shekarun da ke tsakani: me ya sa aka zaɓi waɗannan biyun, aka tsallake sauran? Idan wanda ya turo bai faɗi sunan tauraron da wurin ba, buɗe Google Earth ka nemo wurin da kanka, ka ja maɓallin shekaru daga farko zuwa ƙarshe.